Daga Niyok zuwa Zurmi: Inda Yarjejeniyoyin Haƙƙin Mata Suke Maƙalewa

A ranar 13 ga Yunin 1985 Nijeriya ta kammala shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta kawar da duk wani nau'in wariya ga mata, wadda aka fi sani da CEDAW. Jaririyar da aka raɗa wa suna a Zurmi ko Shinkafi a wancan mako yau ta cika shekara 40, wataƙila har ta aurar da 'ya ta ga jika. Duk da haka, idan ta shiga kotu a Ƙaura Namoda tana neman gonar gadonta ko kuɗin ciyar da 'ya'yanta, babu alƙalin da doka ta ba ikon ɗauko wannan yarjejeniya ya yanke mata hukunci da ita. Ƙasarmu ta sa hannu, gwamnati tana kai rahoto lokaci zuwa lokaci, amma takardar ba ta taɓa zama dokar da ake shari'a da ita ba.

Mun saba jin bayani iri biyu a kan wannan. Wasu su ce mutanen Arewa ne ba sa son ci gaban mata, wasu kuma su ce yarjejeniyar makircin Turawa ce, ba ta da abin da za ta tsinana mana. Idan muka bi tarihin arewacin Zamfara sannu a hankali za mu ga duka bayanan biyu sun gaza. Haƙƙi yana isa hannun mace a wannan yanki ne idan an kafa hujjarsa da harshen da jama'a suke girmamawa, aka kuma ajiye shi a wurin da ƙafarta za ta iya kaiwa. Wanda duk ya rasa ɗaya daga cikin biyun, a takarda yake ƙarewa.

Muhawarar da ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya

Tarihin baka ya sa mafarin sarautar Zamfara a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yau, kuma a jerin sarakunan farko har da mace, 'Yargoje. Amma muhawarar da ta fi shafar batunmu ta zo ne a wajajen ƙarshen shekarun 1780, lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara 5 yana wa'azi a Zamfara. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙati cewa a wani gari mai suna Daura, a nan ƙasar Zamfara, wani malamin Barno da ake kira Mustafa Gwani ya soki Shehu don yana barin mata suna halartar majalisinsa. Shehu ya sa Abdullahi ya ba shi amsa. Jigon amsar shi ne, barin mata cikin jahilcin addininsu ɓarna ce da ta fi wadda ake jin tsoro daga fitowarsu.

Shehu bai tsaya nan ba. A Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da ɗaliban waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta mayar da maganar aiki: ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji da malfa a ka, suna ɗaukar karatu cikin waƙa suna kai wa matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Mu lura da yadda abin ya tafi. An kafa hujja da fiƙihun da abokin gardama ba zai iya musawa ba, sannan aka sami mutanen da za su taka da ƙafa su kai abin inda ake buƙatarsa.

Jirgi ya riga 'yanci isowa

Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta farko da ta taɓa rayuwar matan wannan yanki ta bauta ce. A 1901, tun kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato a 1903, Lugga ya fitar da sanarwar hana cinikin bayi, wadda ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne. Sai dai sanarwar ba ta sallami waɗanda suke cikin bauta kai tsaye ba. Sai bawa ya je gaban alƙali ya fanshi kansa, ko wani ya fanshe shi. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, da suka bi bayanan kotunan wancan zamani, sun nuna cewa mata ne suka fi yawa cikin waɗanda aka 'yanta ta wannan hanya, kuma da yawansu fansar ba ta kai su ko'ina ba sai ɗakin wanda ya biya kuɗin, a matsayin mata ko sa-ɗaka.

A 1926 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar yaƙi da bauta a Janiba, ƙarƙashin ƙungiyar da ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura Namoda, don kwasar gyaɗa da auduga zuwa bakin teku. Dokar da ta kawo ƙarshen bauta baki ɗaya a Arewa kuwa sai 1936 aka yi ta, bayan matsin lambar da Ingila ta sha daga Janiba. Wato jirgin ƙasa ya riga 'yanci isowa da shekara 7. A nan yarjejeniya ta yi amfani, don ta kunyata mai mulki har ya motsa. Amma baiwar da ke rinji a ƙasar Zurmi ba ta san da Janiba ba. Abin da ya canza rayuwarta dokar cikin gida ce da alƙalin da ya yi aiki da ita.

Ƙuri'ar da ta riga yarjejeniya

A 1953 Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe wata yarjejeniya a kan haƙƙin mata na zaɓe da tsayawa takara. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, na Arewa kuwa an hana su, haka kuma aka ci gaba har Jamhuriya ta Farko ta faɗi. Jam'iyyar NPC mai mulki ta ce lokaci bai yi ba. NEPU ta Malam Aminu Kano ta ce ya yi, Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a kan wannan fafutuka. Tun 1956 Malam Isa Wali ya yi rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen yana kafa hujja da Alƙur'ani da hadisi cewa Musulunci bai kulle wa mace ƙofar al'amuran jama'a ba.

Matan Arewa sun sami ƙuri'a a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, tsarin mulkin 1979 ya tabbatar musu da ita. Nijeriya ba ta shiga waccan yarjejeniya ba sai 1980, bayan an gama magana. Yau duk wanda ya ga layin mata a rumfar zaɓe a Shinkafi ko Moriki ya san babu ɗan takarar da zai yi gangancin cewa fitowarsu haramun ce. Abin da aka yi shekara 20 ana cewa zai rusa tarbiyya ya zama ruwan dare, don an daɗe ana gardamarsa a cikin gida, kuma akwatin zaɓe ya zo har unguwa.

Sashe na 12

An zartar da CEDAW a Niyok ranar 18 ga Disambar 1979, tana da sassa 30. Nijeriya ta sa hannu a Afrilun 1984, ta tabbatar a Yunin 1985, duka a ƙarƙashin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, lokacin da babu majalisar da za ta tattauna ko layi ɗaya. Masar da Saudiyya da maƙwabciyarmu Nijar duk sun shiga yarjejeniyar tare da togaciya a kan sassan da suka ga sun ci karo da dokokinsu na iyali. Nijeriya, mai ɗimbin Musulmi da kotunan shari'a, ta karɓe ta ɗungurungum ba togaciya ko ɗaya. Daga nesa wannan ya yi kama da jarunta. A gida kuwa ma'anarsa ita ce an tsallake muhawarar da ya kamata a yi, aka bar wa 'yan baya.

Tsarin mulki ne ya riƙe bashin. Sashe na 12 na kundin 1999, kamar na 1979, ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita. Idan kuma batun ba ya cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kansu, sai mafi rinjayen majalisun jihohi sun amince. Jerin nan ya ba tarayya iko a kan aure, amma ya cire auren Musulunci da na gargajiya a fili. Ke nan auren da aka ɗaura a Zurmi, da sakinsa, da abin da ke biyo baya, ba hurumin Abuja ba ne. Mai riƙe da waya zai gane misalin: an sauke manhaja, amma ba a girka ta ba, tana nan tana cin wuri ba ta aiki. Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam an girka ta tun 1983, shi ya sa lauyoyi suke kafa hujja da ita a kotunanmu. CEDAW ba ta sami wannan gata ba.

A shekarar 1985 ɗin nan dai, a watan Oktoba, mata Musulmi suka haɗu a Minna suka kafa FOMWAN, da Hajiya Aisha Lemu a matsayin shugabar farko. Ƙungiyar ta bi sawun 'Yan Taru, ta buɗe makarantu da asibitoci da azuzuwan matan aure. A garuruwanmu macen da ta san FOMWAN ta fi wadda ta taɓa jin sunan CEDAW yawa nesa ba kusa ba.

Shekarun shari'a

An ƙirƙiri jihar Zamfara daga Sakkwato ranar 1 ga Oktoban 1996. Ranar 27 ga Oktoban 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, dokar laifuffuka ta fara aiki a Janairun 2000. Mata da yawa sun yi murna, suna fatan ƙarshen danne gado da sakin wulaƙanci ya zo. Amma abin da aka rubuta sashe-sashe shi ne laifuffuka da haddi. Dokar iyali, inda yawancin kukan mata yake, an bar ta yadda take, ba a tattara ta a kundi ɗaya ba, kowane alƙali da gwargwadon karatunsa.

Shari'o'i uku suka gwada ƙarfin hanyoyin biyu, ta waje da ta gida. A Tsafe an yanke wa wata yarinya hukuncin bulala a kan cikin shege. Ƙasashen waje suka yi ca, takardun koke suka yi ta zuwa, sai aka zartar da bulala 100 a Janairun 2001 kafin a saurari ɗaukaka ƙara. A Sakkwato, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta sallami Safiya Hussaini ranar 25 ga Maris 2002. A Katsina aka sallami Amina Lawal ranar 25 ga Satumban 2003. Lauyoyin da suka tsaya musu, irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim, da goyon bayan ƙungiyoyin WRAPA da BAOBAB, sun yi nasara ne da hujjojin mazhabar Malikiyya da ƙa'idojin shari'a: cewa mai iƙirari yana iya janye iƙirarinsa, cewa cikin bazawara yana iya zama kwantacce na tsohon mijinta, cewa ba a hukunta mutum da dokar da ba ta fara aiki ba lokacin da abin ya faru. A 2003 Ayesha Imam ta BAOBAB ta fito ta roƙi masu koke daga waje su sassauta, don takardun da ke ɗauke da kurakurai da zagin addini suna ƙara wa masu mulki taurin kai, suna kuma jefa matan da ake son ceta cikin haɗari.

Abin da aka yi garkuwa da shi

Ranar 11 ga Yulin 2003 ƙasashen Afirka suka ƙulla tasu yarjejeniyar ta haƙƙin mata a Maputo, babban birnin Mozambik. An rubuta ta da sanin halin nahiyar: ta ce auren mace ɗaya ne abin ƙarfafawa, amma dole a kare haƙƙin matan da ke da kishiyoyi; a gado ta yi maganar rabo na adalci; ta sa 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Nijeriya ta tabbatar da ita a 2004. Majalisar Nijar ta ƙi ta a 2006. Mu mun karɓa, su sun ƙi, amma matar Shinkafi da ta Maraɗi ba su ga bambanci a kotu ba, saboda Sashe na 12.

An yi ta ƙoƙarin buɗe ƙofar. A 2007 ƙudurin mayar da CEDAW doka ya faɗi a Majalisar Tarayya. A Yulin 2013 aka nemi cire sashe na 29(4)(b), mai cewa duk matar da ta yi aure ana ɗaukarta ta kai shekarun girma. Sanata Ahmad Sani ya ƙalubalanci cirewar, ba a sami kashi biyu bisa uku ba, sashen ya tsaya. Ranar 15 ga Maris 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaiton dama na Sanata Biodun Olujimi. A Disambar wannan shekara, a Gusau, wajen rufe musabaƙar Alƙur'ani, Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya ce Musulmi ba za su yarda da dokar da za ta sauya rabon gado ba. A Maris 2022 kuma 'yan majalisa suka ƙi wasu ƙudurori 5 na mata a gyaran tsarin mulki, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa.

Duk wannan faɗa a kan abu biyu ne, aure da gado. Musulmi suna da dalilin tsayawa a kan rabon da Alƙur'ani ya ƙayyade, kuma duk ƙudurin da ya yi kamar bai san da haka ba ya kashe kansa tun kafin a karanta shi. Amma mu duba abin da aka binne tare da shi. Sashe na 10 na CEDAW a kan karatun 'ya'ya mata ne, na 12 a kan kula da mai ciki da mai jego. Sashe na 14 kuwa kamar don matan Zurmi aka rubuta shi: matan karkara, da haƙƙinsu na asibiti, ruwan sha, rancen noma da hanyar kai kaya kasuwa. Yarjejeniyar Maputo tana da sashe a kan kare mata lokacin rikicin makamai, da wani a kan haƙƙin wadda mijinta ya rasu. Ba mu san malamin da ya ce ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa wa addini ba. Shekara da shekaru ke nan suna tsare a ƙofa saboda maƙwabtansu.

Inda aka ga haske

Ba a rasa wuraren da abin ya yi aiki ba. Hadijatu Mani, 'yar Nijar, an sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, ta zama wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Da ta sami takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙasarta kotun ECOWAS, wadda ranar 27 ga Oktoban 2008 ta ce Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Yarjejeniya ta yi cizo a nan don akwai kotun da talaka zai iya shiga kai tsaye, akwai kuma 'yan gida da suka riƙe hannunta har can.

Dokar haƙƙin yara ma darasi ce. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar yara a 1991, tarayya ta yi doka a 2003, jihohin Arewa da dama suka ƙi taɓa ta. Sai da aka zauna da malamai da sarakuna, aka yi gyare-gyare, aka sauya mata suna zuwa dokar kare yara, sannan Katsina da Sakkwato suka karɓa, Zamfara ta bi a 2022, Kano a 2023. An yi asarar shekara 19, amma an isa. Maroko, wadda Malikiyya take bi kamar mu, ta sake rubuta dokar iyalinta a 2004 da hujjoji daga cikin fiƙihu. A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya ɗauko irin wannan aiki a 2017, har aka sauke shi a 2020 daftarin bai zama doka ba.

Yau da gobe

Yanzu wata matsala ta danne duk waɗannan. A Mayun 2019 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Moriki a ƙaramar hukumar Zurmi, suka tafi da ma'aikata. A Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai 279 a Jangebe. A Satumban wannan shekara aka rufe makarantu da kasuwannin mako, har da babbar kasuwar Alhamis ta Shinkafi, aka katse layukan waya a faɗin jihar. Ƙungiyar likitoci ta MSF, da ke aiki a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta sha bayyana yawan yara masu tamowa da matan da aka yi wa fyaɗe. Dubban iyalai sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Macen da aka kashe mijinta, aka kore ta daga ƙauye, ba ta da hanyar zuwa kotu, balle ta yi maganar gonar da ba ta isa ta taka ba. Duk wata doka, ta Niyok ko ta Risala, tana buƙatar hanya mai aminci da alƙali a kan kujerarsa.

Tarihin nan ya nuna mana ƙofar da ya kamata mu ƙwanƙwasa. Tunda tsarin mulki ya bar auren Musulunci a hannun jihohi, Majalisar Dokokin Zamfara mai kujeru 24 tana da ikon tattara dokar iyali daga fiƙihun Malikiyya, a rubuta ta da Hausa: sharuɗɗan ciyarwa, haƙƙin mai idda, iyakar abin da za a nema a kul'i, wa'adin raba gado har da gona, rajistar aure da saki. Tana da ikon ɗauko sassan karatu da lafiya da matan karkara ta mayar da su dokar jiha ba tare da jiran Abuja ba. Yarjejeniyoyin kuma su zauna a matsayin ma'aunin da za mu riƙa tuhumar gwamnati da shi, tunda da hannunta ta sa hannu. 'Yan majalisar da ke wakiltar Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi a Gusau da ƙuri'un mata suka tafi. Idan sun dawo neman wasu, iyayenmu da 'yan'uwanmu mata suna da abin tambayarsu wanda ya wuce atamfa da sabulu.